Masu Turi A Kontagora: Teburin Da Ke Tsara Abin Da Gari Ke Saurare

Da hantsi a bakin tashar mota a Kontagora, kafin motar Yawuri ta cika, akwai wani layin da ba na fasinja ba. Ɗan teburi ne a ƙarƙashin lema. A kansa ga kwamfutar tafi-da-gidanka wadda rubutun wasu maɓallanta ya goge saboda dannawa, ga sifika guda, ga wayoyi a jere suna shan caji.

Direba ya zaro filash daga rediyon motarsa ya miƙa. A goge na ciki a zuba masa sababbi, amma kada a taɓa masa Shata, kada a taɓa karatun Alaramma Ahmad Sulaiman. A bayansa wani matashin Bafulatani da ya shigo cin kasuwa ya kwance bakin rigarsa ya fito da memori wanda bai fi farcen ɗan yatsa ba. Shi ba ya kiran sunan waƙa. Sai ya rera ɗan abin da ya riƙe daga amshinta, mai teburin ya gyaɗa kai, ya shiga folda ya fito da ita.

Wasu na kiransu masu turi, wasu 'yan dawunlodin. Ana ganinsu a bakin kasuwa, a tashoshi, da cikin shagunan caji. Ba kasafai ake lissafa su cikin masu harkar waƙa ba, alhali a garuruwa irin Kontagora, abin da direba da tela da mai shayi da amarya za su saurara a wannan mako, a hannunsu ake tsara shi.

Daga Zaɓi Sonka zuwa memori

Son a jera wa mutum waƙoƙin da ransa ke so ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Iyayenmu sun yi zamanin rubuta kati zuwa Rediyon Kaduna, a kira sunanka da na abokanka a shirin Zaɓi Sonka, sannan a sa maka waƙar da ka roƙa. Da kaset ya zo, sai aka samu masu rikodin a kasuwa. Ka faɗi waƙoƙin da kake so, a ɗaukar maka su a kaset mai minti 60 ko 90, gefe biyu, a rubuta sunayensu da biro a takardar kwalin.

Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ce ta kasance uwar wannan harka a Arewa. Daga can kaset-kaset da faya-fayan bidiyo suka riƙa fantsama zuwa garuruwa, har masanin nan Brian Larkin ya yi dogon bayani a kanta a littafinsa na 2008. Faifan sidi ya biyo baya, bai daɗe ba. Waya mai ramin memori ta shigo, kuma cikin 'yan shekaru shagunan kaset suka koma shagunan caji da turi.

Abin da ya sauya shi ne yawa. Waƙar MP3 mai matsakaicin inganci tana cin kusan megabait ɗaya a kowane minti, ke nan memori mai gigabait 4 zai ɗauki waƙoƙi ɗari bakwai ko fiye. Mai kaset yana tunanin wace zai sa wace zai bari saboda wuri ya yi kaɗan. Mai memori kuwa matsalarsa yadda zai gano waƙar da yake nema a cikin tarin da aka jibga masa.

Me ya sa har yanzu ake zuwa?

Wanda ke zaune a Abuja da intanet a gida zai yi mamaki. Ai ga Boomplay tun 2015, tana zuwa a cikin wayoyin Tecno da Infinix tun daga kwali. Ga Audiomack, ga YouTube, ga Spotify da ta shigo Najeriya a 2021. Me ake nema a teburin?

Amsar farko kuɗin data ne. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa ta amince kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Wanda zai saurari waƙa ɗaya sau talatin a mako ya gwammace ya biya 'yan ɗaruruwan naira sau ɗaya, ta zauna masa a waya.

Na biyu sabis. Kontagora mahaɗa ce, kuma kasuwarta na cin mutanen Mariga da Rijau da Mashegu da Magama. Da yawansu da zarar sun bar kwalta sun rabu da intanet ke nan sai wata shigowar. Manomi a gona da makiyayi a daji da direban da zai ratsa hanyar Tegina ko ta Mokwa, duk abin da ke cikin memori shi ne abokin hirarsu.

Akwai kuma irin na'urar. Ba kowa ke riƙe da babbar waya ba. Ƙananan wayoyi masu maɓalli da 'yan sifikun nan masu caji da ake kira MP sun cika ƙauyuka, kuma abin da suka sani shi ne memori da filash. Ga wanda bai iya karatun boko ba, mai teburin ne ke zame masa wurin bincike: ya rera, a nemo masa.

Su kansu masu sana'ar ba a kan gadon hutu suke ba. Jihar Neja ce ke da madatsun Kainji da Shiroro da Jebba da Zungeru, amma wutar da ke isa shago ba ta isa a dogara da ita ba. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, tayar da janareto don tura waƙoƙin naira ɗari biyu ya zama asara. Shi ya sa za ka ga faifan sola a jingine a kan rufin rumfa, kuma shi ya sa ake son manhajar da ba ta shan batir.

Wace manhaja ce ta fi?

Wannan gardama ce da ba ta ƙarewa a tsakanin matasa masu kwamfuta, kuma kowa da hujjarsa.

Mafi yawan kwamfutocin da ke kan waɗannan tebura na hannu ne, HP ko Dell da suka sha aiki a Turai kafin su iso nan. Wasu har yanzu Windows 7 ke kansu, wadda kamfanin Microsoft ya daina kula da ita tun Janairun 2020. A irin wannan na'ura, manhaja mai nauyi tana nufin kwastoma na tsaye kwamfuta na tunani.

VLC, mai alamar hular titi ruwan lemo, ita ce ta kowa. Ɗaliban wata makarantar injiniyanci a birnin Faris na Faransa suka fara ta, aka sake ta kyauta ga duniya a 2001. Ba ta talla, ba ta neman rajista, kuma da wuya a kawo fayil ɗin da za ta ƙi buɗewa, ko bidiyon tsohuwar waya ne ko saƙon murya na WhatsApp. Rauninta shi ne ba a gina ta don riƙe dubban waƙoƙi a tsare ba. Ta iya buɗewa, ba ta iya adanawa ba.

Windows Media Player ta zo tare da kwamfutar, ba sai an sauke ta ba. Tana iya jera waƙoƙi bisa sunan mawaƙi ko kundi, amma fa sai in an rubuta waɗannan bayanai a cikin fayil ɗin. Ga irin tarin da ke yawo a nan, sau da yawa za ka buɗe ta ka tarar da waƙoƙi dubu biyu duk ta tara su a ƙarƙashin mawaƙin da ba a sani ba.

Tsofaffin hannu suna tuna Winamp, wadda wani matashi Ba'amurke, Justin Frankel, ya fitar a 1997. Ita ta koya wa duniya jan waƙoƙi zuwa 'yar taga a jera su. Masu kewarta yanzu sun fi komawa AIMP, ta wani ɗan Rasha, wadda ke kama da ita a fuska kuma ba ta wahalar da tsohuwar kwamfuta. Akwai foobar2000 da MusicBee ga mai haƙurin zama ya gyara sunaye, kuma a ganina duk mai tarin da ya haura waƙa dubu goma ya kamata ya koyi ɗaya daga cikinsu.

Masu kiɗan biki kuwa duniyarsu daban ce. VirtualDJ suke so, domin tana ɗaura waƙa a kan waƙa ba tare da shiru a tsakani ba, tana kuma nuna saurin kiɗan kowacce. A filin rawa, shirun daƙiƙa biyar ya isa 'yan mata su koma kujera.

Sai wata da ba ta kunna waƙa amma ba a rasa ta a kowane teburi, wato Format Factory. Da ita ake cire murya daga bidiyo, a mayar da ita MP3, ko a matse fim ya shiga ƙaramar waya.

In aka tambaye ni, VLC don gwaji da ɗaya mai iya riƙe tari sun wadatar da mai shago. Amma gaskiyar magana, zaɓen manhaja ba shi ne babban aikin ba.

Inda gwanintar take

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne wannan. Ya zauna ya jera waƙoƙi hamsin a cikin manhaja, ya ajiye jerin, ya kwafi ɗan fayil ɗin zuwa filash, ya miƙa wa kwastoma. Can a mota a kunna, ba komai. Dalili kuwa fayil ɗin jeri, irin wanda sunansa ke ƙarewa da M3U, ba waƙa ce a cikinsa ba. Rubutu ne kawai da ke faɗa wa kwamfuta inda kowace waƙa take. In waƙoƙin ba su bi shi ba, ko an sauya musu folda, ko filash ɗin da jiya kwamfuta ta kira E yau ta kira shi F, jerin ya mutu.

Don haka a nan jeri na gaskiya folda ne. A buɗe folda, a sa mata suna, a kwafo waƙoƙin cikinta. Nan ma akwai tarko. Yawancin rediyon mota da ƙananan sifiku ba sa bin haruffa, suna bin tsarin da aka zuba waƙoƙin ne, wadda ta fara shiga ita za ta fara fita. Waɗanda ke bin haruffa kuma, in ka rubuta 1, 2, 3 har zuwa 20, za su tashi daga 1 su faɗa 10 da 11 kafin su dawo 2. Gwani ya san sai an rubuta 01, 02, 03. Wanda ya taɓa zuba wa wani Alƙur'ani cikakke ya san dalilin da ya sa surorin ke ɗauke da lamba daga 001 zuwa 114.

Wannan ya kai mu ga abin da masu ƙera manhaja a ƙasashen waje ba su yi tunaninsa ba. Memorin Bahaushe ba waƙa kaɗai ke ciki ba. Akwai karatun Sudais ko Minshawi, akwai tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ko na Sheikh Abubakar Gumi, akwai bege, sannan ga Hamisu Breaker da Ado Gwanja da Umar M. Shareef. In aka zuba su wuri guda, yaro ya danna maɓallin gauraya, sai a tashi daga tsakiyar sura a faɗa kiɗan rawa. Mai teburin da ya san mutuncin aikinsa yana raba folda, kuma idan na'urar ba ta san folda ba, yakan ba da shawarar a sayi memori na biyu. Wasu ma ba sa karɓar aikin haɗa su ko an biya.

Akwai kuma sanin mai saurare. Direban dare ba a fara masa da waƙa mai sanyi. Mai shayi yana son abin da zai zaunar da mutane, don haka dogayen waƙoƙin Ɗanƙwairo da Ɗan Anace sun fi masa. Gidan biki kuwa kowane zama da nasa: abin da za a sa wa iyaye mata a wuni daban, na kamu daban, na shigowar ango da amarya daban. A Kontagora, inda taro ɗaya kan haɗa Bahaushe da Bakambare da Badakkare da Banufe da Bayarabe, DJ ɗin da bai tanadi foldar kowa ba zai ga rabin fili a zaune.

Ƙarar murya ma aiki ce. Waƙar da aka ɗauko daga tsohon kaset tana fitowa ƙasa-ƙasa, ta sutudiyon yau kuma ta fasa kunne. Akwai 'yar manhaja kyauta, MP3Gain, da ke daidaita su, amma kaɗan ne suka san da ita.

Waƙa ba suna

Abin da ya fi damuna a wannan harka shi ne sunaye. Ka buɗe memorin kowa ka duba. Za ka ga Track 07. Za ka ga dogon suna mai farawa da AUD yana ƙarewa da WA da lambobi, alamar ta WhatsApp ta biyo. Za ka ga waƙar da aka goge sunan mai ita aka liƙa sunan shafin intanet ɗin da ya ɗora ta, har da muryar talla a farkonta.

Kowane fayil na MP3 yana da gurbin rubuta sunan waƙa da na mawaƙi da shekara. Cike shi bai kai minti ɗaya ba, kuma manhaja irin Mp3tag tana gyara ɗaruruwa a lokaci guda. Amma ba wanda ke biyan mai teburi kuɗin wannan zama. Wanda ya yi ƙoƙari ma yakan ci karo da wata matsalar: ƙananan na'urori ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai su nuna akwati ko alamar tambaya, dole a koma rubutu ba lanƙwasa.

Ga sababbin mawaƙa abin da sauƙi, tunda suna kiran sunansu a cikin waƙar. Tsofaffin ne ke shan kashi. Duk muryar dattijo da kalangu sai a ce Shata ne, duk waƙar sarauta da kotso sai a ce Ɗanƙwairo ko Narambaɗa. Shata ya rasu a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗan Maraya Jos a 2015, kuma waɗanda suka san muryoyin wancan zamani da kunne suna ta raguwa. Makaɗan da ba su yi suna irin nasu ba, aikinsu na narkewa a cikin foldar wani.

Sannan kowane juyi yana rage inganci. An ɗauko daga kaset zuwa MP3, an ɗora a bidiyo, wani ya sake cirewa, wani ya matse don ta shiga ƙaramar waya. Bayan hannu biyar ko shida, kalangun ya zama kamar ana kaɗa shi a ƙarƙashin ruwa, kuma wannan lalatacciyar ce za ta ci gaba da yawo.

Wa ya ci, wa ya yi asara?

Mawaƙa da masu shirya fim sun daɗe suna kuka. A nasu ganin, sun kashe kuɗin sutudiyo da na masu amshi, wani kuma da kwamfuta ɗaya yana sayar da guminsu ba ko sisi. Ba ƙarya suka yi ba. Turi na cikin abubuwan da suka kashe kasuwar faifan sidi ta Kannywood, ya tura masu fim zuwa YouTube da fina-finai masu dogon zango. Doka ma tana bayansu, domin sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta shafi kwafi ta hanyar na'ura.

Masu turi kuma suna cewa ba waƙa suke sayarwa ba, wahalarsu ake biya: data da wuta da lokaci da sanin inda kowace take. Suna ƙarawa da cewa mawaƙin yau ba da sayar da waƙa yake ci ba, da biki da taron siyasa da liƙi yake ci, kuma ba don teburinsu ba da ba a san shi a Bangi ko Salka ba. Akwai gaskiya a nan ma. Matasan mawaƙa da kansu suke kai sabuwar waƙa shagon turi, suna roƙon a riƙa sa wa kwastomomi ko ba su tambaya ba.

Iyaye da malamai nasu ƙorafin daban ne. Yaro zai kai memori a cika masa, ba wanda ya san abin da aka zuba, kuma akwai ɓata-garin da ke haɗawa da abin da bai dace ba. Masu sana'ar na kirki su ne suka fi jin zafin wannan, domin baƙin jinin kowa yake shafa.

Ni dai ina ganin mawaƙi na da haƙƙi, kuma mafi ƙanƙantarsa shi ne sunansa ya bi waƙarsa. An ga amfanin hakan a maƙwabta. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga memorin mutane a garin Kidal na ƙasar Mali, ya sha wahala kafin ya gano masu su, ya fitar da kundi a 2011 ya ba su kasonsu. Cikin waɗanda aka gano har da Mdou Moctar na Jamhuriyar Nijar, wanda yanzu yake zagaya duniya da gitarsa. Kafin nan waƙarsa ta yi ta yawo daga waya zuwa waya, mafi yawan masu jin ta ba su san mai ita ba.

Ranar da rumbu ya mutu

Kwamfutar da ake cusa wa filash hamsin a rana ba ta rabuwa da bairos. Wanda ya fi addabar masu turi shi ne mai ɓoye folda ya bar inuwarta, kwastoma ya koma gida ya ga kamar an share masa komai. Shi ya sa Smadav, manhajar kariya ta ƙasar Indonesiya, ta zama abokiyar kowane teburi. Ga kuma jabun memori, wanda aka rubuta wa gigabait 32 alhali cikinsa bai kai 4 ba. Zai karɓi duk abin da aka tura, sai an je kunnawa a tarar rabi ba ya buɗewa, laifin kuma ya hau kan mai turi.

Babbar masifa ita ce mutuwar rumbun ajiya. Zafi da ƙura da faɗuwa daga teburi da ɗaukewar wuta ana tsaka da aiki, kowanne ya isa. Breaker da Gwanja za a sake saukewa a yini ɗaya. Abin da ba ya dawowa shi ne na gida: kiɗan fadar Sarkin Sudan da wani ya ɗauka a hawan salla, waƙoƙin gidan Ɗandawo na Yawuri da aka juyo daga kaset, kiɗan bikin Uhola na ƙasar Zuru, waƙoƙin noma da na aure na Kambari, wa'azin malamin unguwa da ya riga mu gidan gaskiya. Da yawan irin waɗannan ba su a Boomplay, ba su a YouTube. Kwafinsu ɗaya ko biyu ne, a rumbun wani saurayi a bakin kasuwa wanda ba shi da kuɗin sayen rumbu na biyu.

Kontagora tana da Jami'ar Ilimi ta Tarayya, wadda ta taso daga tsohuwar Kwalejin Ilimi, tana da fada mai tarihi tun zamanin Umaru Nagwamatse. Aikin da ake buƙata bai fi ƙarfinsu ba: rumbu biyu ko uku, ɗalibai kaɗan da za su zagaya teburan turi su nemi kwafin kayan gida, da dattawan da za a zaunar a kunna musu su faɗi wane ne wannan, a ina aka yi, don wa aka yi. Masu teburin kuma a biya su, domin su suka yi shekaru suna tarawa ba wanda ya sa su.